Tuluna Tara a Cikin Bango

Mijina magini ne, ubansa magini, kakansa ma magini. Saboda haka ba sai na ja zance ba, duk unguwarmu a Haɗeja babu ɗakin da ya kai nawa yoyo. Damina na sauka sai in jera ƙore a ƙasa, wannan a gindin gado, wannan a bayan ƙofa, wannan kusa da tukunyar gari. Shi kuwa sai ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa, ya karkata kai yana saurare, can ya ce mini ɗigon da ke sauka a ƙaramin ƙoƙon nan ya fi sauran zaƙin murya, kada in matsar da shi. Da wannan bawan Allah na zauna shekara talatin da ɗoriya, kuma da ƙafata na shiga gidansa, ba wanda ya tura ni.

Gidanmu yana gefen gari ta wajen kogi, inda ƙasa ta yi kwari. Kowace shekara in damina ta yi nisa ruwa yakan taso daga fadama ya zo gaishe mu. Wata shekara ya tsaya a bayan katanga, wata shekara ya shigo har tsakar gida ba sallama. Mutanen wajen sun saba. Da rani kowa yakan ƙara wa gindin katangarsa ƙasa, ya ɗaga ƙafafun rumbunsa, ya yi wa rufi yaɓe. Maigidana ma yakan yi duk wannan, ba ma wanda ya kai shi iyawa, sai dai a gidajen mutane yake yi.

Abin da ya fi so a duniya gurmi ne, ɗan ƙoƙon nan da ake rufewa da fata a soka masa sanda a ɗaura tsarkiya biyu, babba mai kaurin murya da ƙarama mai siririya. Da hannunsa ya haɗa nasa tun yana saurayi. Ba a gidan roƙo aka haife shi ba, bai taɓa kaɗa wa kowa don a ba shi ko ɓarin goro ba. A zamaninmu ma malamai ba sa son jin kayan tsarkiya, ubana kuwa yana cikinsu, shi ya koya mini rubutun nan da nake ɓata takarda da shi yau. Don haka sai bayan la'asar, in ya dawo aiki ya wanke laka, yakan zauna a bayan rumbu ya kaɗa a hankali shi kaɗai, yana wani gunaguni da shi yake kira waƙa.

'Yar malam yake ce mini, musamman in na yi masa wa'azi, na kuwa yi masa da yawa. Na ce sautin nan sai ka ce sauro ya faɗa ƙoƙo. Na ce ni ma ai mai aikin hannu ce, ina zana ƙwarya da ƙarfe mai zafi, har daga ƙauye ake zuwa nema in za a yi wa amarya jere, amma ƙwaryata ana dama fura a cikinta. Gurminsa me ake damawa a ciki?

"Ba a dama komai, 'yar malam," in ji shi. "Shi ya sa ba ya tsami."

Abin da ban taɓa gaya masa ba shi ne, in ya fara kaɗawa ina daka, nakan rage wa taɓarya ƙarfi don in ji. Ina son kiɗan nan. Bakina ne dai bai iya irin wannan magana ba.

Shekarar da autarmu ta tare a gidan mijinta a Jahun, gida ya rage daga ni sai shi, a shekarar ne kunnensa ya fara mutuwa. Ban lura da wuri ba. Mutumin da ka shekara talatin kana yi masa zancen rufin ɗaki yana amsa maka da zancen kukan kurciya, ta ina za ka gane ranar da ya daina ji da gaske? Sai wata la'asar na fito daga ɗaki na tarar ya kwashe ruwan babbar randata tas ya juye wa gindin ɗinya, ya durƙusa, ya cusa kansa da gurminsa a bakin randar yana kaɗawa. Na tsaya ina kallon ƙeyar dattijo mai jikoki.

"Maigida, in iska ce ta taɓa ka ka faɗa mini tun da wuri, in aika gidanmu a yi maka rubutu."

Bai ji ba. Sai da na dafa kafaɗarsa ya zaro kai a firgice. Ya zauna a ƙasa, ya ɗora gurmin a cinya.

"Ƙaramar tsarkiyar ta tafi," ya ce. "Tun kaka. Ina ganin yatsana yana taɓa ta, ba na jin komai. Babbar ma ta fara yi mini nisa. Amma a cikin randar nan ina jin su duka biyun."

Tsoro ya kama ni, tausayinsa kuma ya cika mini ciki. Da yake ban san yadda ake yi da tausayi ba, sai na tambaye shi wa zai cika mini randa.

Bayan kwana uku ya shata fili da ƙafarsa a ɗan tudun da ke kusurwar gida, daidai wurin da na yi shekaru ina roƙon a mayar da rumbu. Wai ƙaramin soro zai gina, ya binne tuluna a cikin bango bakinsu na kallon ciki, yadda ɗakin gaba ɗaya zai zama randa, mutum ya zauna a ciki da mutuncinsa ba sai ya durƙusa ba. Na ja shi na nuna masa rumbu. Ruwan bara ya cinye masa ƙafa biyu, ya karkace gefe guda kamar tsoho mai ciwon ƙugu.

"In na gama wannan," ya ce.

Na san wannan maganar. Tun ina amarya nake jin ta.

Maƙwabciyarmu wata Babarbariya ce daga wajen Birniwa, mai ginin tukwane, tsararmu ɗaya, bakinmu ma kusan ɗaya. Wurinta ya je zaɓen tuluna. Ya wuni yana ɗaga wannan yana ƙwanƙwasawa da yatsa, ya kafa baki ya yi nishi a ciki, ya kara kunne, ya ajiye, ya ɗauki wani. Ita tana zaune ta zuba tagumi. Da ya ware guda tara ya tafi neman jaki, ta leƙo ta katanga ta yi mini sannu irin tasu ta Barebari, ta ce, "Ushe da haƙuri, ƙawata. Tun ina budurwa nake gina tulu, yau ne na fara ganin wanda ya zo sayen abin da babu a ciki."

Rani guda ya cinye a kan soron nan. In faɗi gaskiya, ban taɓa ganin aiki irinsa ba. Ya tayar da dakali har cinya, inda ko mahaukacin ruwa ba zai kai ba. Ya kwaɓa ƙasa da ciyawa ya bar ta ta kwana bakwai tana ruɓa. Azarar giginya kuwa ɗaya-ɗaya ya zaɓe ta. Da ya zo rufi ya lanƙwasa baka biyu suka haɗu a tsakiya, irin wanda sai a gidan manyan fatake ake gani. Ni ce mai miƙa tubali, don haka ina da bakin magana. Tulunan ya kwantar da su sama da tsayin mutum, uku-uku a bango uku, ya bar bakinsu kawai a waje. Taga ɗaya ya yi, ita ma tafin hannu zai rufe ta, wai kada sauti ya tsere. Sa'annan ya bi bakin kowane tulu da zane, ya murɗa laka da yatsa tana kewayawa kamar ruwa in ya sami rami.

Na rantse ba zan sa hannu a wannan shirme ba. Amma da na ga ya ɗauko farar ƙasa da ja zai shafa, na ga inda ya nufa da su, sai na karɓe ƙwaryar. Ba za a ce a gidan mai zanen ƙwarya aka yi wannan kwaɓa ba. Kwana shida na yi a kan tsani ina fitar da zanen, kuma ban tuna wasu kwanaki shida da suka yi mini daɗi kamarsu ba.

Ranar daɓe na gayyaci matan unguwa, kowacce da madaɓinta. Muka zuba tsakuwa, muka yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, muka jeru a durƙushe. Ni na ba da waƙa kamar kullum. Muna buga madaɓan farko, suna karɓa mini amshi, sai muryoyinmu suka dawo mana daga sama, sun yi kauri, sun yi yawa, kamar akwai wasu matan a cikin bango suna taya mu. Kowa ya yi tsit. Wata tsohuwa ta tattara zanenta ta fice tana neman tsari. Mu kuwa da muka gane, sai muka saki murya. Nan take na ƙaga baituka a kan wani magini da ya gina wa ƙoƙo soro, matarsa na kwana tana ƙirga taurari ta rufin ɗaki. Yana tsaye a bakin ƙofa. Shekara guda rabonsa da ya ji waƙar mata daga farko har ƙarshe, ranar ya ji, kuma zaginsa ake yi. Ya yi dariya har yana share hawaye da hannun riga.

Da daɓe ya bushe ya shimfiɗa tabarma a tsakiya, ya zauna, ya taɓa ƙaramar tsarkiya. Na ga fuskarsa ta buɗe. Ya sake taɓawa. Ko tulunan ne, ko rufin ne, ko duka, ni dai ban sani ba, amma ɗan ƙoƙon nan ya cika ɗakin, har a ƙirjina nake jin sa. Ya daɗe yana kaɗawa ido a rufe. Da ya tsaya ya ɗago ya dube ni.

"Yaya kika ji, 'yar malam?"

"Ba laifi," na ce da ƙarfi don ya ji. "Rumbu fa?"

Rumbu dai damina ce ta amsa. Ruwan shekarar ya shigo tsakar gida har gwiwa, bado ya tsiro a inda nake shanya, tarwaɗa na wasa a murhuna. Wata safiya rumbu ya durƙusa, kafin azahar ya kwanta. Allah ya taimake mu hatsin ciki ya kusa ƙarewa, na kwashe ragowar. Ɗakina yana zuba ta sama yana tsatsafowa ta ƙasa. Soron gurmi kuwa yana kan tudunsa ƙeƙashe, ko danshi babu. Kullum la'asar sai maigida ya naɗe wando ya ratsa ruwa ya shige. Ni ina kan turmi a zaune, ƙafafuna a sama, ina jin kiɗa yana fitowa ta 'yar tagar nan yana bin saman ruwa. Daɗi gare shi, shi ya sa ma ya fi ba ni haushi.

Ruwa ya janye, kaka ta zo, muka yanke shinkafar fadama. Ta yi kyau. Ba a gama sussuka ba wani falke ya aiko daga Kafin Hausa yana son a yi masa zaure, kuma sai mijina, don sunansa ya kai can. Ya ɗaura kaya a jaki, ya ce wata ɗaya da rabi, in ya dawo rumbu ne farko. Gurmin ya rataye shi a soro, don ba ya fita da shi gari.

Ya bar ni da shinkafa a ɗaki mai danshi, da ɓeraye. Ɓerayen fadama in ruwa ya kore su ba sa komawa. Shinkafar ci ban damu da ita sosai ba, muna ci suna ci. Iri ne ya hana ni sukuni. Irin shinkafarmu daga gidan kakata ya fito, a rasa shi a shekara guda an rasa shi ke nan, sai dai a je roƙon na wasu. Na sa a taiki, suka huda. Na rataye a sama, suka biyo igiya. Wata safiya na shiga soro share ƙasa, na ɗaga kai, sai ga baki tara suna kallona, a bushe, a sama, a cikin bangon da ɓera ba shi da wurin kama ƙafa.

Duk macen da ta tashi a fadama ta san yadda ake ajiye iri. A gauraya shi da toka, a zuba a tulu, a toshe wuya da tsumma, a liƙe da laka. Haka uwata ta yi, haka kakata ta yi. Hannuna ya san aikin tun kafin kaina ya gama shawara. Na jingina tsani, na cika su ɗaya bayan ɗaya. Har nan zan iya cewa larura ce. Amma liƙin can cikin wuya na tura shi, yadda daga ƙasa ba za a gani ba. Sa'annan na kankaro baƙin tukunya na shafe lakar, bakin kowane tulu ya koma baƙi ƙirin kamar rami. Wannan kam ba don ɓera na yi ba. Na ce a raina in ya dawo ya yi rumbu sai in kwashe, ba wanda ya ji ba wanda ya gani, a huta da surutu.

Ya dawo ranar wata Alhamis da la'asar sakaliya. Ko furar da na miƙa masa bai shanye ba. Ya wanke ƙafa ya nufi soro, ni kuma na bi shi har bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, wai shara nake.

Ya sauko da gurmi, ya hure ƙura, ya tamke tsarkiya, ya taɓa. Sautin ya fito a shaƙe, ya faɗi nan gabansa. Ni da ke da kunne ma na ji bambanci. Ya sake taɓawa da ƙarfi. Ya matsa kusurwa, ya dawo tsakiya, ya miƙe tsaye, ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Ya ɗaga ido ya dubi tulunan. Suna nan baƙi ƙirin yadda ya bar su, a cikin duhun da shi da kansa ya gina. Ko kusa da tsani bai je ba. Mutum ne da ya yarda da aikin hannunsa fiye da yadda ya yarda da jikinsa, don haka bai zargi bango ba, kunnensa ya zarga.

Ya kwance tsarkiyar duka biyu, ya naɗe su a yatsa, ya cusa a aljihu. Ya mayar da gurmin maratayinsa. Da ya zo wucewa ta gabana ya ce, "Shi ke nan, 'yar malam. An karɓa." Ya faɗe ta a hankali, kamar mai ba da labarin rasuwar da aka daɗe ana jira.

Maganar tana bakina. Kalma nawa ce? Hau tsani ka duba. Sai ya ƙara da cewa, "Gobe zan fara rumbu."

Na haɗiye.

Washegari tun da hantsi ya fara, kuma rumbu ya yi wanda har yau ba a yi kamarsa a unguwar ba, a kan duwatsu, ƙafafunsa sun kai ƙugu. Na ce to, in an gama wannan zan faɗa masa. Yana gamawa ya hau rufin ɗakina ya kankare tsohon yaɓe, ya sa sabo, ya bi da makuba, ya kafa indararo. Na ce bari a gama rufin, shekara nawa ina jira. Daga rufi ya koma katanga. Daga katanga ya ɗaga mini murhu, ya yi wa awaki ɗaki, ya gyara ƙyauren da tun haihuwar 'yarmu ta biyu yake a jingine. Ya yi mini ma wani ɗan dakali a inuwa inda zan riƙa zama ina zanen ƙwarya, ban ko roƙa ba. Mutumin da na yi shekara talatin ina nema a wurin Allah, ga shi an ba ni, ba ya zama, ba ya gunaguni, ba ya sauraren ɗigon ruwa. Matan unguwa suka fara tambayata wane malami ne ya yi mini aiki.

In an gama wannan. Ashe maganar ba wuyar koyo gare ta ba.

Ga rumbu sabo fil da sarari a ciki, awon iri ba zai cika ko kusurwarsa ba. Wuni ɗaya in ya fita ya ishe ni in kwashe. Amma in na kwashe, ɗakin zai dawo da muryarsa, wata rana zai shiga ya yi tari ya ji, ya koma bayan ƙoƙonsa, katanga ta tsaya a rabi. Na san abin da nake yi. Ba na so wani ya karanta wannan ya ce ai ba ta sani ba.

Babarbariya ce kaɗai ta sani, don a wurinta na samo lakar liƙi. Wata rana tana murza tukunya ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Baban yara ya rame."

"Aiki ne."

"Gidanku ya yi kyau. Shiru kuma, kamar an yi rasuwa."

Na ce mata ta ji da tukunyarta. Amma gaskiya ta faɗa. La'asar ta zama mini abin gudu. In ɗaga taɓarya in sauke, ba abin da zan rage mata ƙarfi dominsa. Shi kuwa yana zaune a sabon dakali yana kallon hannayensa. Magana ma ta ragu tsakaninmu, don sai na yi ihu yake ji, daga baya sai na yi ihu a gefen kunnensa na dama. Ina gani da idona abin yana ƙaruwa, wata bayan wata, na dai ci gaba da cewa gobe.

Wata biyar aka yi haka. Bazara ta yi zafi, shamuwa ta dawo kan kukar bayan gida, gabas ta fara haɗa hadari. Shinkafar fadama kuwa da ruwan fari ake watsa ta, ta kafu kafin kogi ya taso. Maigida ya gyara gona, ya dawo ya ce in fito da iri. Ya nufi sabon rumbu zai buɗe.

Na kama hannun rigarsa. Na ɗauki tsani da kaina, da ƙore, da ludayi, na shiga soro. Ya biyo ni yana mamaki. Na hau, na sa ƙotar ludayi na fasa liƙin tulun farko, na zaro tsumma. Shinkafa ta zubo, tana sheƙi da toka, tana gangarowa ta kan zanen da muka yi tare, tana watsuwa a daɓe.

Ban juyo ba sai da na kwashe duka tara. Da na sauko yana tsaye inda na bar shi. Ya dubi ƙore cike da iri, ya dubi bango, ya dube ni. Na shirya wa faɗa. Na tanadi amsoshi tun watanni, ɓeraye, danshi, kakata, shekara talatin na yoyo, duk suna nan a jere. Bai ba ni damar amfani da ko ɗaya ba.

"Tun yaushe?" ya ce.

Na kai baki kunnensa na dama. "Tun kana Kafin Hausa."

Ya gyaɗa kai. Ya sa hannu a aljihu, sai ga tsarkiyar nan biyu a naɗe. Ashe duk wankin da nake yi masa yana cire su ya mayar a rigar da zai sa. Ya sauko da gurmi, ya ɗaura, ya zauna a tsakiyar ɗaki a cikin watsattsiyar shinkafa, ya taɓa.

Ɗakin ya amsa. Ya amsa kamar ranar farko, ya cika har rufi, na ji shi a ƙirjina. Na dubi fuskarsa ina jiran ta buɗe. Ya karkata kai dama. Ya taɓa babbar tsarkiya da ƙarfi, har sau uku. Ya rufe ido ya daɗe. Sa'annan ya buɗe ya dube ni.

"Yana tashi?"

Abin da ya rage masa na ji a duniya wata biyar ne, kuma ni na zuba shinkafa a ciki. Na durƙusa a gabansa ina gyaɗa kai, ina kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne ubana. Na ce yana tashi, na ce ya fi komai daɗi, na ce tun ina amarya nake rage taɓarya don in ji shi. Duk na faɗa, da ƙarfi, ɗakin yana maimaita mini. Yana kallon bakina yana murmushi irin na wanda ake yi wa magana da yaren da bai sani ba.

Ya yi shekara huɗu a duniya bayan haka. Bai daina kaɗawa ba, sai dai ya zama ba ya iyawa sai da ni. Kullum la'asar in ajiye abin da nake yi in bi shi soro. Ya taɓa tsarkiya ya dube ni, in ta yi sako-sako in ɗaga yatsa sama, in ta yi tauri in saukar, in ta daidaita in gyaɗa kai. Sa'annan ya kaɗa, idonsa a kan fuskata, a nan yake duba ko waƙar na tafiya daidai. 'Yar malam, mai wa'azin sauro a ƙoƙo, ita ta zama kunnen mai gurmi. Rufin ɗakina ya koma yoyo a damina ta biyu, ban sake ɗaga zancen ba.

Shinkafar da muka shuka da irin cikin tulunan nan kuwa, kamar don Allah ya ƙara mini kunya, ba mu taɓa samun irinta ba. Ko ƙwaya ɗaya ba ta ruɓe ba, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa ta ba, ta tsiro gaba ɗaya kamar an jera ta da hannu. Mata suka riƙa zuwa tambayar yadda na ajiye iri. Ranar yanka muna tsaye a bakin gona ni da shi, ruwa ya janye, dammuna a jere. Ya tsinki zangarniya ɗaya ya murza a tafinsa, ya hure, ya duba ƙwayar da kyau. Na zuba masa ido ina neman gatse a fuskarsa, ko ɗan kaɗan, wanda zan riƙe in ce mun yi daidai. Babu. Da zuciya ɗaya ya faɗa, da murya mai ƙarfi irin ta kurame, har na gonar kusa suka juyo.

"Kin gani, 'yar malam? Ashe dai tulunan nan sun yi wa gidan amfani."